Faifai 500 da hannaye goma sha biyu: yadda ƙungiyar indie pop ke tashi a Glasgow

Mutum shida ne, da waƙoƙi goma sha huɗu, da kuɗin da ba zai kama sutudiyo fiye da kwana biyar ba. Da wannan muka shiga aikin fitar da faifan farko na wata ƙaramar ƙungiyar kiɗa a Glasgow, birni mafi girma a Sikotland. Irin kiɗansu shi ake kira indie pop: waƙa mai saurin shiga kunne, murya ƙasa-ƙasa, jita mai amo kamar ƙararrawa, wani lokaci da goge ko ƙaho, kuma a wajen inuwar manyan kamfanonin faifai. Wanda ya saba da sutudiyon Kano, inda mutum ɗaya zai zauna gaban fiyano da kwamfuta ya haɗa kiɗa duka, mawaƙi ya zo ya ɗora murya, sai ya ɗan gyara tunani. A nan kowane amo da hannun da ke fitar da shi, kuma kowane hannu yana da ra'ayi, yana da kaso.

Sawun da kowa ke dubawa a garin shi ne na ƙungiyar Belle and Sebastian. A 1994 Stuart Murdoch, wanda ciwon gajiya mai tsanani ya kwantar shekaru, ya haɗu da Stuart David a wani shirin horas da makaɗa marasa aikin yi, kuma su biyun ne suka kafa ƙungiyar. A kwalejin Stow akwai ajin kasuwancin kiɗa a hannun Alan Rankine, kuma ɗaliban suna da ɗan kamfaninsu, Electric Honey, da ke fitar da ƙaramin faifai sau ɗaya a shekara don koyon aiki. Waƙoƙin Murdoch sun yi yawa sun kuma yi kyau, sai aka yarda a yi cikakken kundi. Aka ɗauki kundin, mai suna Tigermilk, cikin 'yan kwanaki a sutudiyon CaVa, aka buga faifan garmaho 1,000 kacal, ya fito a watan Yunin 1996. Bayan shekara goma, a Yulin 2006, ƙungiyar ta cika dandalin Hollywood Bowl a Amurka tare da makaɗan Los Angeles Philharmonic. Abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne jerin matakan da ke tsakanin faifai dubun nan da wancan dandali, domin matakan har yau suna nan, kuma a cikinsu ne ƙungiyoyi ke tuntuɓe.

Kafin a taɓa makirfo, mun zaunar da su shidan a kan takarda ɗaya. Waƙa tana da haƙƙi biyu, kuma yawancin sababbin makaɗa ɗaya suka sani. Akwai haƙƙin ƙirƙirar waƙar, wato baitoci da karin, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa. A Birtaniya, PRS ce ke karɓo wa marubuci kuɗi idan an sa waƙarsa a rediyo ko an rera ta a fili, MCPS ke karɓo masa idan an buga ta a faifai, PPL kuma ke karɓo wa mai sautin da waɗanda suka kaɗa. Idan mutum ɗaya ne ke rubuta waƙoƙi, bayan shekara biyu shi kaɗai zai riƙa ganin kuɗi na shigowa, mai ganga kuwa yana ta ɗaukar kaya a matakala. Nan ɓaraka ke somawa. Mu mun raba haƙƙin sauti daidai gida shida, haƙƙin ƙirƙira kuma aka bar wa marubuciyar rabi, sauran rabin aka raba wa biyar ɗin da suka gina kiɗan. Wasu za su ce an ƙware ta. A ganina wannan ne farashin samun mutum biyar da za su tsaya da ita shekara goma. Takardar ta kuma faɗi wa ke da sunan ƙungiyar, da abin da wanda ya fita zai ci gaba da samu. Fita kuwa dole a yi ta: Stuart David ya bar Belle and Sebastian a 2000, Isobel Campbell ta tafi a 2002 ana tsakiyar zagayen wasa a Arewacin Amurka, kuma ƙungiyar ta ci gaba.

Sai gwaji. Mako shida, sau uku a mako, kowane zama ana naɗa shi da waya a saurara washegari. Murdoch ya yi aikin kula da zauren wani coci a unguwar Hyndland, a can ƙungiyar ke gwaji, kuma wannan ɗaki na kyauta yana cikin dalilan da suka sa suka iya gama kundi cikin kwanaki. Sutudiyo wurin naɗa abin da aka riga aka iya ne. Duk minti da aka ɓata ana gardamar inda ƙaho zai shigo, kuɗi ne ke ƙonewa. A mako na huɗu muka rage waƙoƙi daga sha huɗu zuwa goma, kuma agogo ne ya yanke hukunci, dalilin zai zo a gaba.

A sutudiyo mun raba kwana biyar gida biyu: uku na naɗi, biyu na haɗa sauti. Rabin ranar farko gaba ɗaya ganguna suka cinye, kuma haka ya kamata. Makirfo ɗaya a babbar gangar ƙafa, ɗaya a ƙaramar ta tsakiya, biyu a sama. Biyun na sama sai an auna su da igiya, nisansu daga ƙaramar gangar ya zama ɗaya. Idan ɗaya ya fi kusa, amon yana isa gare su a lokuta mabambanta, sai su riƙa soke juna, gangar ta fito siririya ba nauyi, kuma gyaran wannan daga baya wahala ce. Tsirkiyar jita a canza ta kwana biyu kafin ranar, domin sabuwa fil tana saki, tsohuwa kuma amonta ya mutu. Kowa ya daidaita kayansa da na'urar awo guda, a kan ma'aunin amo ɗaya.

Ganga da bes da jita da fiyano muka naɗa tare a ɗaki ɗaya, kowace waƙa sau uku ko huɗu, ba ƙari. Bayan na huɗu hannu yana ƙwarewa amma rai yana fita, kuma indie pop da ransa yake ci. Matsalar ita ce murya. Mawaƙan irin wannan kiɗa ba sa ɗaga murya, to idan mai waƙa ta tsaya ɗaki ɗaya da ganga, makirfonta zai kwashi ganga fiye da ita. Muka sa ta a ƙaramin ɗaki mai gilashi tana ganinsu, ta yi muryar jagora, rana ta uku ta sake ta da kyau. Goge da ƙaho ma a rana ta uku aka ɗora su. Kuskurenmu ɗaya a nan: a waƙa biyu mun bar ƙwanƙwasar da ke riƙe wa mai ganga lokaci ta yi ƙarfi a abin kunnensa, ta tsiyayo cikin makirfon sama, ana jin ta a ƙarshen waƙa inda kiɗa ke lafawa. Abin kunne mai rufe kunne ruf shi ne maganin, da kashe ƙwanƙwasar kafin bugun ƙarshe.

Kada a zaci gaggawa ba ta da hasara. Kundi na biyu na Belle and Sebastian, If You're Feeling Sinister, ya fito a Nuwamban 1996 a kamfanin Jeepster, wata biyar bayan na farko, kuma shi ma cikin kwanaki aka yi shi. Mutane da yawa na ɗaukarsa gwaninsu, amma Murdoch bai gamsu da yadda aka naɗa shi ba, har a 2005 suka kaɗa shi daga farko zuwa ƙarshe a zauren Barbican na Landan suka fitar da wannan naɗin. Abin da na ɗauka daga nan shi ne waƙa mai kyau tana jure naɗi mai rauni, kuma ƙungiyar da ta tsaya jiran kuɗin cikakken sutudiyo takan watse kafin kuɗin su zo.

Yanzu ga inda aikin ya fi ƙunshe da tarko, wato faifan kansa. Faifai mai faɗin inci 12 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti. Sautin yana cikin tsagi guda ɗaya da ke nannaɗewa daga baki zuwa tsakiya. Kowane gefe ya fi son minti 18 zuwa 20. Da zarar an haura 22, mai yanka sai ya matse tsagin, ya rage ƙarfin sauti da nauyin bes, faifan ya fito shiru-shiru, ƙarar allura ta taso sama. Shi ya sa muka tsaya a waƙa goma, biyar-biyar, minti 19 a gefe ɗaya, 20 a ɗayan. Jerin waƙoƙin ma ba a yin sa da son rai kawai. A bakin faifai tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da saurin kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da tsakiya kuwa ya sauko kusan 20. Wuri ya ƙanƙance, sauti mai kaifi ya fara dagulewa. Don haka waƙa mai ƙarfi da ƙaho ta hau farkon gefe, mai sanyi ta zauna ƙarshe. Wanda ya lura zai ga tsofaffin kundaye da yawa haka aka jera su.

Tacewar ƙarshe, wato gyaran sauti na ƙarshe kafin a buga, iri biyu muka biya. Ta intanet daban, ta faifai daban. A ta faifai, bes ɗin ƙasa sai an tattara shi tsakiya, domin idan ya bambanta tsakanin lasifikar dama da ta hagu, tsagin yana hawa da sauka har allura ta yi tsalle. Harafin "s" a bakin mai waƙa sai an lallashe shi, in ba haka ba ya fito kamar ana yayyafa ruwa a mai mai zafi, kuma murya mai raɗa-raɗa ta fi kowace kawo wannan. A ta intanet kuma ba amfanin matse sauti don ya yi ƙara, tunda Spotify da ire-irensa suna daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa mataki ɗaya. Wanda ya matse zai rasa numfashin kiɗansa a banza.

Daga nan mai yanka zai sassaƙa tsagin a kan faifan alminiyam mai shafe da wani fenti mai laushi, ɗaya ga kowane gefe. Wannan faifan ba ya son zafi ba ya son jira, cikin kwana biyu zuwa uku ya kamata ya isa inda za a fesa masa azurfa a tsoma shi a ruwan nikel, a ciro hatimin ƙarfe da zai danna robar. A Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kaliforniya, wadda ke samar da mafi yawan waɗannan faifan yanka a duniya, aka bar kamfanin MDC na Japan da nauyin. Wasu masana'antu a kan tagulla suke yanka kai tsaye, su wannan bai shafe su ba. Masana'anta ba za ta kunna inji ba sai ta ga takardar MCPS, ko lasisi ko shaidar cewa ba ta da wani haƙƙi a waƙoƙin. A nemi wannan da wuri. Mu ta riƙe mu mako biyu saboda sunan waƙa ɗaya ya bambanta tsakanin fom da bangon faifai.

Faifan gwaji biyar suka zo. Ga yadda ake sauraronsu: a goge kowanne, a sa shi a garmaho biyu mabambanta, ɗaya mai tsada ɗaya irin na ɗakin ɗalibi, da takarda da biro a hannu, ana rubuta minti da daƙiƙar duk wani ƙas da aka ji. Idan a faifai ɗaya kawai yake, ƙura ce. Idan ya fito a wuri ɗaya a dukan biyar, a jikin hatimi yake, kuma zai fito a faifai 500. Namu yana da irin wannan a waƙa ta uku ta gefe na biyu, wata 'yar ƙara kamar yagewar zane, alamar robar ba ta cika tsagin ba. Mun mayar, aka sake, mako biyar suka tafi. A kuma kalli hannun allura yana tafiya: in yana lilo dama da hagu, ramin tsakiya ya kauce, kuma dogon amon fiyano ko goge zai riƙa rawa. Da zarar an sa hannu a kan faifan gwaji, duk aibin da ke ciki ya zama na mai sa hannun. Saboda haka ba a sanar da ranar fitowa sai kwalaye sun iso an buɗe an ƙirga, musamman da yake masana'antu kan kawo ƙari ko ragi har kashi 10 cikin 100 na adadin da aka nema. Nauyin giram 140 muka zaɓa. Na 180 ya fi cika hannu, amma tsagin ɗaya ne, kuɗin aikawa kuma ya fi.

Me ya sa 500? Kuɗin yanka da na hatimi ɗaya ne ko faifai 100 za a buga ko 1,000, don haka ƙasa da 300 kowane faifai yana yin tsada har ba riba. Sama da 500 kuma, ga ƙungiyar da ba a sani ba, kwalaye ne za su kwana ƙarƙashin gado. Ƙarancin kansa yana aiki. Da Tigermilk ya ƙare, mutane suka riƙa kwafarsa a kaset suna miƙa wa juna, na asalin ya kai ɗaruruwan fam a hannun masu tarawa, kuma da Jeepster ta sake buga shi a 1999 ya shiga cikin kundaye 20 na sama a Birtaniya. Shekara uku na ƙishirwa ne suka sayar da shi.

Ɓangaren intanet ya fi sauƙi, sai dai yana da ƙa'idar lokaci. Kowace waƙa tana buƙatar lambar ISRC, wato lambar shaidar naɗinta, mai haruffa da alƙaluma 12, a Birtaniya PPL ke ba da tushenta, kuma lamba ɗaya za a yi amfani da ita ko'ina, in ba haka ba kuɗin waƙa ya rabu gida biyu ya ɓace. A ɗora wa mai rarrabawa, wato kamfanin da ke kai waƙa Spotify da ire-irensa, mako huɗu kafin rana. Spotify na karɓar waƙa ɗaya da ba ta fito ba don editocinsa su duba, aƙalla kwana bakwai kafin fitowa. Tun 2015 Juma'a ce ranar fitar da sabon kiɗa a duniya. Tun 2024 kuma waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 a Spotify ba, ba ta samun kason naɗi. Ga ƙaramar ƙungiya, shafin Bandcamp ne kasuwa: yana ɗaukar kashi 15 a kan saukewa, kashi 10 a kan faifai da riga, kuma mai saye kan bar adireshin imel. Wajen aikawa, a zare faifan daga bangonsa a ajiye shi gefe cikin kwali, domin idan yana ciki jijjiga kan sa bakinsa ya tsaga bangon. Zuwa ƙasashen Tarayyar Turai kuma, tun Janairun 2021 sai da takardar kwastan.

Daga cikin 500 ɗin mun ware 40 na kyauta, kuma kowanne da sunan wanda za a ba. Da ɗan gari akan ci gari: shagon Monorail a Glasgow da Rough Trade a Landan, in ma'aikacinsu ya so faifai ya sa shi a lasifikar shago, ya fi talla. Shaguna sukan karɓi biyar ko goma a kan in ya sayu a biya, in bai sayu ba a dawo da shi, to a riƙe littafi. Rediyo har yanzu tana da ƙarfi. Shirin dare na Mark Radcliffe a BBC Radio 1 ya gayyaci Belle and Sebastian tun 1996. Yau ƙofar ita ce shafin BBC Introducing, inda kowa ke iya ɗora waƙarsa, daga can ta iya hawa tashar BBC 6 Music.

Wasa a fili ƙa'idarsa guda: a kama ɗakin da ya yi wa jama'ar kaɗan. Mutum 90 a ɗaki mai cin 100 biki ne, su ɗin dai a zauren King Tut's na Glasgow mai cin 300 kuwa sai wurin ya yi kama da zaman makoki. A aika wa mai kula da sauti zanen inda kowa zai tsaya da jerin layukan makirfo mako ɗaya kafin rana, namu 17 ne. Goge da murya mai sanyi su ne ke jawo kukan lasifika, kuma maganin a rage ƙarar jita a kan dandamali, ba a ƙara ta murya ba. Bayan kowane wasa a tura wa PRS jerin waƙoƙin da aka yi, kuɗi ne ƙanana da ke taruwa. A tambayi kason teburin sayar da faifai da riga tun kafin a sa hannu, domin wasu manyan zaure suna yankar har kashi 25 na rigar da aka sayar. Belle and Sebastian a farkonsu ba sa yawan wasa, ba sa son hira da 'yan jarida, hotunan tallarsu ma sau da yawa abokai ne a ciki. Idan za su yi wasa sukan zaɓi wuri irin Union Chapel a Landan ko zauren majalisar birnin Manchester. Ba kowa wannan zai yi wa aiki ba, amma ya sa masoyansu suka nemi juna suka zama jama'a guda.

A duba yadda hawan ya tafi. A 1997 sun fitar da ƙananan faifai uku waɗanda mafi yawan waƙoƙinsu ba sa cikin kundayen da suka fitar, na farko ya tsaya na 59 a jadawalin Birtaniya, na biyu na 41, na uku na 32. A 1998 kundi na uku ya kai na 12. A 1999 suka ci kyautar Brit ta sababbin taurari a gaban ƙungiyoyin Steps da 5ive, waɗanda suka fi su sayarwa nesa ba kusa ba, saboda ƙuri'ar masu sauraro ce kuma masoyansu sun haɗa kai ta intanet. A Afrilun shekarar suka shirya nasu bikin, Bowlie Weekender, a Camber Sands da ke kudancin Ingila, wanda daga gare shi bikin All Tomorrow's Parties ya samo asali. Sai da suka koma kamfanin faifai na Rough Trade suka ɗauko babban mai tsara sauti, Trevor Horn, a kundin 2003, shekara bakwai da farawa, lokacin da suke da jama'ar da za ta biya kuɗinsa. Electric Honey ɗin nan kuwa ya fitar da faifan farko-farko na ƙungiyoyin Snow Patrol da Biffy Clyro, wato ƙofar ba sau ɗaya ta buɗe ba.

Namu faifan ya ƙare cikin wata takwas, fiye da rabi a teburin wasa. A nan ne wani ƙaramin kamfani ya zo da tayi, kuma sharuɗɗan da muka tsaya a kai uku ne: aron haƙƙin sauti na shekara bakwai maimakon sayarwa, rabon riba rabi da rabi bayan an cire kuɗin da aka kashe, da rubutaccen iyaka ga abin da za su iya kira kashewa, domin a wannan layin ne ribar ke nutsewa in an bar shi a buɗe. Lauya mai sanin harkar kiɗa ya karanta kafin kowa ya sa hannu, kuma kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a sutudiyo ba. Bugu na biyu 300 muka nema, da bango mai wani launi don na farko ya riƙe darajarsa a hannun waɗanda suka saya da wuri. Kafin a tura kuɗi mun tambayi masana'anta ko ƙarfen da aka ciro hatimi daga gare shi yana nan a ajiye, domin ba kowace ke riƙe shi har abada ba, kuma in an zubar sai an sake biyan yanka da faifan gwaji daga farko.